Kafin a sayi sabon inji, a fara tambayar furosesa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna neman ɗan fili a jaridarka domin ƴan'uwanmu masu kula da injinan sadarwa a nan Damagaram. Da zarar layi ya fara zubar da bayanai, abin da ake cewa shi ne inji ya yi ƙarami, a sayo babba. Sau da yawa ba a auna komai ba kafin a yanke wannan hukunci, alhali a cikin furosesar kanta akwai maƙirgai da ke iya faɗin inda ciwon yake, kuma Linux ta buɗe hanyar karanta su tun 2009 da manhajar perf.

Ga lissafin. Layin gigabit 10 cike da ƙananan ƙunshi (guntayen bayanai da ake turawa a layi) masu bayit 64 yana kawo ƙunshi miliyan 14.88 a sakan ɗaya, wato nanosakan 67 ga kowane ƙunshi. A furosesa mai gigahaz 3, bugun agogo kusan 200 ke nan kacal. Idan abin da ake nema yana cikin ma'ajiyar kusa da ke jikin furosesa, kamar ɗiban ruwa ne a randar ɗaki. Idan babu, sai an je rijiya, wato RAM, kuma zuwa ɗaya na iya cin nanosakan 70 zuwa 100. Kuskuren ma'ajiya ɗaya, wato rashin samun abin a ma'ajiyar kusa, ya cinye rabon ƙunshin gaba ɗaya.

Manhajar top, wadda ke nuna yawan aikin da furosesa ke yi, ba za ta nuna wannan ba. Manhajojin da aka gina a kan DPDK (kayan rubuta manhajar sarrafa ƙunshi da sauri) ba sa jiran katin sadarwa ya kira su, leƙa shi suke ba tsayawa, don haka ƙwayar furosesar (core) da aka ware musu kullum tana nuna kashi 100, ko da ƙunshi ko babu. Haka ma yawan umarni a kowane bugu yana ruɗar mutane, domin leƙen banza yana ba da adadi mai kyau ƙwarai. Ma'aunin da muka yarda da shi shi ne bugu nawa aka kashe a kan kowane ƙunshi, ba tare da lissafa zagayen da ya dawo hannu rabbana ba.

Farawa ba wuya. A gudanar da perf stat tare da -C da lambar ƙwayar, a ƙirga cycles (bugun agogo), instructions (umarni), cache-misses (kuskuren ma'ajiya), branch-misses (kuskuren hasashen inda manhaja za ta bi) da dTLB-load-misses (kuskuren ma'ajiyar adireshin RAM) na sakan 10, sannan a raba da adadin ƙunshin da aka karɓa a wannan lokaci. A duba maƙirgin imissed da DPDK ke bayarwa na katin ma, shi ke faɗin waɗanda suka zube don ba a kwashe su da wuri ba. Idan kuskuren ma'ajiya ya yi yawa, a inji mai furosesa biyu a fara bincika ko katin yana maƙale da furosesa ɗaya alhali aikin yana gudana a ɗayar. Idan na dTLB ne, a tabbata an kunna manyan shafukan RAM (hugepages) na megabayit 2 ko gigabayit 1.

Mai son sa ma'aunin a cikin manhajarsa ya kula da abu guda: kada ya karanta maƙirgi ta hanyar kiran tsarin Linux a kan kowane ƙunshi, awon zai fi aikin tsada. A buɗe maƙirgin sau ɗaya da perf_event_open, a riƙa karantawa kai tsaye da umarnin rdpmc, sau ɗaya kafin tarin ƙunshi 32, sau ɗaya bayansa. Kuma maƙirgan ba su da yawa. Furosesocin Intel da dama huɗu kawai suke ba kowace ƙwaya waɗanda za a iya zaɓar abin da za su ƙirga, ban da uku na dindindin. In an nemi fiye da haka sai perf ta riƙa karɓa-karɓa tsakaninsu, ta cike gibin da kimantawa. A kan inji na kwaikwayo (virtual machine) kuwa, sau da yawa ainihin injin da ke ɗauke da shi bai buɗe su ba sam.

Akwai wanda ya shafe mu musamman. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, furosesa kan rage gudunta don kada ta ƙone. A kwatanta cycles da ref-cycles (bugun agogo a gudun furosesa na asali, wanda ba ya canzawa): idan na farkon ya faɗi ƙasa da na biyu da tsakar rana, matsalar ta iska ce da ƙurar da ta toshe fanka, sabon inji ma haka zai yi a ɗakin.

Roƙonmu ga malaman kwamfuta na Jami'ar André Salifou da cibiyoyin koyon sana'a shi ne su sa wannan awo a cikin darasin gwaji. Tsohuwar kwamfuta ɗaya mai Linux da katin sadarwa biyu sun isa a fara.

Wassalam.

Wasu masu gyaran hanyoyin sadarwar kwamfuta,
Damagaram