Wasiƙar Zango na Biyu: Na'urar Yanka da Haske ta Fara Aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu maza da mata, da duk masu riƙon ɗalibanmu.

Muna fatan kuna lafiya, ya gida, ya zafin bana? Shugaban makaranta ya ɗora mini rubuta wasiƙar wannan zango, saboda tambayar da ta fi yawa a bakin ƙofa tun watan Janairu ta shafi ɗakina ne: me yaran ƙungiyar kimiyya da fasaha suke yi har bayan la'asar, kuma me ya sa wasu ke komawa gida rigarsu na ƙaurin ƙonannen katako? Haƙƙinku ne ku ji amsa filla-filla.

'Ya'yanku sun haɗa na'urar da ke yanka da zane da hasken lesa, kwamfuta ce ke ba ta umarni. A ido ba wani abin kallo ba ce. Firam ne mai kusurwa huɗu da wani mai walda a nan Argungu ya taimaka mana muka daidaita, da ƙananan injuna masu juyawa taki-taki, da bel mai haƙora, sai kan lesar da ke yawo gaba da baya, dama da hagu. Ƙwaƙwalwarta wani ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba, Arduino Uno, wanda muka ɗora wa manhajar GRBL. Yaro zai yi zanensa a manhajar zane ta Inkscape, ya tura wa na'urar ta manhajar LaserGRBL, haske mai shuɗi ya bi layin yana ƙona shi. Duka manhajojin nan uku kyauta ne, ba mu biya ko sisi a kansu ba.

Haɗa ƙarafan bai ɗauke mu kwana goma ba. Sa ta ta yi abin da aka ce mata shi ne ya cinye zangon, kuma a nan ne na ga yaran nan sun koyi abin da allo da alli ba su taɓa koya musu ba.

Ranar farko kwamfuta ta ƙi ganin allon sam, sai da muka saka mata ƙaramar manhajar CH340 da irin waɗannan alluna masu araha ke buƙata. Wannan bai ba mu wuya ba. Da ta gane shi, muka ce ta zana murabba'i mai milimita 50 kowane gefe. Kan lesar ya zabura kamar ɗan maraƙin da ya tsinke igiya, ya je ya kusa bugun ƙarshen firam. Muka sa rula, milimita 156. Wasu suka ce injin ne ya lalace, wasu suka ce a kwance komai a sake. Na hana kowa taɓa sukundireba, na ce a ɗauko takarda.

Ga lissafin, na kawo shi ne don ku ga ba ya wuce na aji ɗaya. Injin yana taki 200 kafin ya zagaya sau ɗaya. Allon da ke tuƙa shi yana raba kowane taki gida 16, ya zama 3200. Ɗan faifan da ke jan bel yana da haƙori 20, tsakanin haƙori da haƙori milimita 2, wato zagaye ɗaya milimita 40. A raba 3200 da 40, a sami taki 80 a kowace milimita. Ita kuwa manhajar GRBL ta zo da taki 250 a rubuce. Wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare, wadda ba ta cika magana a aji ba, ita ta fara kaiwa ga 80. Ta shigar da lambar da hannunta, aka sake zanen, ta ɗora rula, ta daɗe tana kallo kafin ta ɗago ta ce hamsin cif. Ban taɓa ganin an yi wa rula tafi ba sai ranar.

Daga nan sai rubutu ya riƙa fitowa a juye. Mun rubuta "Barka da zuwa" a kan kwali, sai da aka kawo madubi sannan ya karantu. Gefe ɗaya ne ke tafiya baibai, kuma lamba ɗaya aka sauya ya miƙe. Da'ira ma ta riƙa fitowa kamar ƙwan zabo, bakinta ba ya haɗuwa. Bel ne ya yi sako-sako, da wata 'yar kusa da ta saki a jikin faifan.

Matsalar da ta fi ba mu wuya ita ce ta hasken kansa. Ko dai ya ƙi kamawa, ko ya kama da dukkan ƙarfinsa ya ƙi raguwa. Mako guda cur muna bin waya ɗaya bayan ɗaya. Har na fara zargin kan lesar da muka saya jabu ne, kuma shi ne mafi tsada a cikin kayan. Ashe rubutun da ke jikin allon ne ya yaudare mu. An buga shi ne bisa tsohon tsarin manhajar, alhali a sabon tsari umarnin ƙarfin haske yana fita ta ƙafa ta 11 (wurin haɗa waya), wadda a jikin allon aka rubuta mata wani suna daban. Yaran ne suka gano, da mitar awon wuta a hannu, ɗaya na sauya lamba a kwamfuta, ɗaya na kallon inda ƙarfin wuta ke hawa da sauka. Da muka mayar da wayar wurinta, muka kuma kunna tsarin da ke kashe haske yayin da kan ke tsallakawa daga wannan zane zuwa wancan, sai baƙaƙen layukan da ke ɓata mana aiki suka ɓace.

Sauran matsalolin na ƙasarmu ne. A hunturu, ƙura da hayaƙi suka taru a kan ɗan gilashin da ke tattara hasken, katakon da ake yankewa a zagaye uku ya koma sai shida bai huda ba. Yanzu kullum kafin a fara sai an goge shi da auduga da sifirit. Da zafi ya shigo kuma, sai na'urar ta riƙa yin daidai da safe, bayan azahar zane ya goce kamar an ture shi. Ƙananan allunan da ke tuƙa injuna ne ke ɗaukar zafi har su tsaya su huta. Mun rage musu wuta, mun manna musu ƙarfen shan zafi, mun sa 'yar fanka a kansu. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki ta sa muka yi asarar katako ba sau ɗaya ba, don haka muka mayar da na'urar kan batirin sola na ofis.

Yanzu ga maganar da na fi so kowane uba da kowace uwa su karanta da kyau. Wannan haske ba wasa ba ne. Ƙarfinsa wat 5 ne, ya ninka na 'yar fitilar lesa da ake nuna abu da ita a allo sau dubu ko fiye. Ko bai shiga ido kai tsaye ba, in ya daki abu mai sheƙi ya dawo, yana iya ƙona cikin ido kafin mutum ya ƙifta, kuma irin wannan raunin ba ya gyaruwa. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare shi. Saboda haka na'urar tana cikin akwati rufaffe, kuma an sa makunni a murfin, da an ɗaga haske ya mutu. Duk wanda ke ɗakin yana sanye da tabarau na musamman da aka yi don wannan shuɗin haske. Makulli yana aljihuna. Ba a kunna ta sai ina tsaye, ba a kuma barin ta tana aiki babu mai kallo, domin kwali da katako suna kamawa da wuta. Bokitin yashi da abin kashe gobara suna gefe. Ƙaurin da kuka ji a tufafin yara na makonnin farko ne, kuma ƙorafinku daidai ne. Tun daga lokacin mun sa fanka da bututu mai fitar da hayaƙi ta taga.

Akwai abin da ba ma yankawa ko da wa ya kawo. Robar PVC, irin ta bututun ruwa da ledar shimfiɗa da fatar kanti ta roba, in ta ƙone tana fitar da iska mai guba da ke cin huhu, tana kuma sa ƙarfe tsatsa. Fatar da aka jeme da sinadarin masana'anta ita ma ba ma sa ta. Amma fatar da majemanmu suka jeme da bagaruwa, wadda dukawa ke ɗinka jaka da kube da ita tun kaka da kakanni, ita ce ta fi dacewa da wannan aiki, kuma zane yana fita a kanta tsaf, ruwan ƙasa mai duhu. Wani dattijo baduku, kakan ɗaya daga cikin yaran, ya zo ya gani. Ya juya fatar a hannunsa, ya shinshina, ya yaba daidaiton layin, sannan ya nuna wa yaran cewa zanen nasu ya matsu da baki har bai bar wurin ɗinki ba. Sun gyara. Na so a ce kowane mai sana'a a garin nan zai ba mu rabin awa irin wannan.

Ƙwarya ce har yanzu ta gagare mu. Haske yana da kaifi ne a tazara ɗaya tak, ita kuwa ƙwarya gantsararriya ce, sai tsakiyar zane ya fito sarai, gefe ya yi dishi-dishi. Yaran sun zana giwan ruwa da masunci a kan gorarsa, irin na bikin kamun kifi, ya yi kyau a katako, a ƙwarya kuwa kifin ya rasa jela. Suna tunanin yadda za su riƙa juya ƙwaryar a ƙarƙashin hasken, shi ne aikin zango na uku in Allah ya kai mu. Ƙarfe da gilashi kuwa wannan na'ura ba ta yanka su, kada a aiko da su.

An ba kowane ɗan ƙungiya takardar neman izini. Wanda bai dawo da ita da sa hannun mahaifi ko mai riƙonsa ba, zai ci gaba da zane a kwamfuta amma ba zai shiga ɗakin na'ura ba. Ina roƙon iyayen 'yan mata musamman su bar su su ci gaba. Muna tashi kafin ƙarfe biyar, kuma akwai malama tare da mu har a rufe ɗaki. Masu shagon kafinta da ke da guntayen siririn katako da bai wuce milimita 3 ba, da masu kwalaye masu tsabta, a taimaka a aiko mana.

Ranar taron iyaye da malamai, bayan an tashi, ɗakin zai kasance a buɗe, mutum biyar-biyar saboda yawan tabarau ɗin da muke da su ke nan. Yaran ne za su yi bayani da bakinsu. Jadawalin jarrabawar ƙarshen zango yana manne a bayan takardar izinin, kuma ƙungiya za ta dakata da aiki mako guda kafin a fara.

Allah ya yi wa zuriya albarka, ya saka muku da alheri.

Malamin fasaha,
a madadin shugaban makaranta.