Kafin ka biya kuɗin maɗaurin nan

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya. Ya iyali, ya aiki, ya kuma zaman baƙunta? Allah ya sa komai na tafiya daidai. Saƙonka ya iso, har da hoton maɗaurin Hermès, kamfanin nan na Faransa mai kayan fata masu tsada, da kake son ɗaura wa agogonka na Apple Watch. Ka ce in gaya maka tsakani da Allah ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Maganar ta fi ƙarfin gajeren saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Bari in soma da wani labari da masu sayar da irin waɗannan kaya ba sa son a tuna. A 2015, lokacin da Apple ya fara fitar da agogonsa, har da wani na zinariya mai karat 18 da ya sa wa suna Edition. Mafi araha a ciki dala 10,000 ne, mafi tsada dala 17,000. A 2016 kamfanin ya daina yin sa. A 2018 da manhajar watchOS 5 ta fito, ba ta hau kansa ba, sannan a 2023 aka jefa shi cikin jerin kayan da kamfanin ya daina gyarawa. Zinariyar tana nan da ƙyallinta, amma abin da ta lulluɓe ƙaramar kwamfuta ce mai batir, batir kuwa kowane caji yana rage masa kwana. Su masu ƙera agogon Suwizalan sun san da haka tun farko. Da kamfaninsu na Tag Heuer ya fitar da nasa agogon mai kwamfuta, Connected, a ƙarshen 2015 a kan dala 1,500, sai ya haɗa da alkawari: bayan shekara 2 ka mayar musu, ka ƙara wata dala 1,500, su ba ka agogon inji irin nasu na asali. Ka ga da bakinsu suka faɗi wanne ne zai daɗe.

To, amma kai ba agogo za ka saya ba, maɗauri ne, kuma a nan dole in yi masa adalci. Maɗauri ba shi da batir, ba shi da manhajar da za ta tsufa. Apple kuma bai sauya ramin da ake zura shi ba tun 2015, don haka wanda aka saya wancan lokacin yana shiga agogon yau, muddin ƙarami ya haɗu da ƙarami, babba da babba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da mai sayarwa yake da ita. Sai dai ka lura, al'ada ce kamfanin ya riƙe, ba rantsuwa ya yi ba. Samsung ya daɗe yana amfani da maƙalin nan mai faɗin milimita 20 irin na agogon gargajiya, da Galaxy Watch8 ya zo a 2025 sai ga sabon maƙali, tsofaffin maɗaurai suka koma cikin akwati. Kuma ranar da ka gaji da iPhone ka koma Android, agogon ba zai bi ka ba, balle maɗaurinsa. Kamar ka yi wa dokin aro sirdi mai tsada ne.

Da yake na ambaci sirdi, ai daga nan Hermès ya taso. A 1837 Thierry Hermès ya buɗe shagon kayan doki a Paris, kuma ɗinkin da suke alfahari da shi har yau ɗinkin masu sirdi ne: zare ɗaya, allura biyu, kowace ta ratsa huda ɗaya ta ɓangarenta. Idan zaren ya tsinke a wuri guda, sauran ba ya warwarewa, saɓanin ɗinkin keke. Fatar da suke kira Barenia kuwa tana shan maiƙon hannu, tana ƙara duhu da sheƙi idan ta kwana biyu, ƙaramin karce ma sai ka murza da yatsa ya kwanta. Wannan aikin dukanci ne na gaske, ba na raina shi. Abin da nake tambayar kaina shi ne: fata nawa ce a jikin maɗaurin agogo? Duka-duka ba ta kai tafin hannu ba. Kuɗinsa kuma ya haura dala 300, mai zagaye hannu sau biyu ya fi haka tsada, alhali na roba da Apple ke sayarwa dala 49 ne. Akwai ƙananan dukawa a ƙasashe da dama da suke yin wannan ɗinkin na allura biyu da fata mai kyawun jima a kan kuɗin da bai kai rabin haka ba. Abin da ya hau bisa wannan, suna kake saya.

Abin dariyar shi ne sunan ma ba ya fitowa fili. Tambarin ɗan ƙarami ne, mai kallonka daga nesa fata kawai zai gani. Fuskokin agogo na musamman da ka gani a talla, masu lambobi irin na Hermès, ba sa zuwa da maɗauri. Sai ka sayi agogon Apple Watch Hermès ɗungurungum, wanda a lokacin fitowarsa a 2015 ya fara daga dala 1,100. Kada ka biya kuɗi kana jiran fuskar ta bayyana.

Sai kuma yadda kai kake amfani da agogon, don na san ka. Da shi kake gudu, da shi kake ƙirga bugun zuciya, har barci kana yi da shi. Koren hasken nan da ke bayansa ba ya karanta bugun jini daidai sai agogon ya kama fata sosai, wurin da ya matse kuwa nan gumi ke taruwa. Fata da gumi ba sa ga maciji. Za ta yi tabo, ta yi wari, ramin maƙalin ya buɗe, kuma Apple da kansa ya ce maɗaurin fata ba na shiga ruwa ba ne. Ƙarshenta za ka riƙa cirewa kana mayar da na roba, mai tsadar ya zama na ranar fita kunya. A 2023 Apple ya daina yin kayan fata gaba ɗaya, ya kawo wani yadi mai suna FineWoven da mutane suka yi ta kukan saurin karcewarsa. Tun lokacin Hermès ya ƙara yawan maɗaurai na saƙa da na roba. Waɗannan su ne ban ga dalilinsu ba ko kaɗan. Idan ka cire fatar da ɗinkin hannu, me ya rage da zan kare?

Murfin nan mai duwatsu masu walƙiya da ake sakawa a kewaye da agogo kuwa, kada ma ka tsaya kallo. Girman ƙaramin agogon Apple ya tashi daga milimita 38 zuwa 40, zuwa 41, zuwa 42. Murfi da siffa ɗaya aka ƙera shi, ranar da ka sauya agogo ya gama aiki.

Kada kuma ka ɗauka ina tura ka wurin na banza ne, araha ba ta ado. Maɗaurin ƙarfe mai arha sau da yawa yana da nikel a jiki, mai sa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje a wuyan hannu. Wanda ya fi wannan muni shi ne maƙali mara ƙwari: ya saki kana tafiya, agogo ya faɗi a kan siminti, gyaran gilashi ya cinye ninkin abin da ka yi tattali. Jabun Hermès kuma sun cika intanet, idan ka ga farashi ya yi daɗi fiye da kima, ka san akwai lauje cikin naɗi. Idan abin da zai daɗe kake nema, sarƙar ƙarfen da ba ya tsatsa ta fi fata juriya nesa ba kusa ba, sai dai nauyi.

Da ni ne, na roba zan bari don yau da kullum, in nemi na fata ɗaya daga baduku mai hannu a kan matsakaicin kuɗi, in riƙe sauran don ranar da batir zai gaza. Amma idan kuɗin rara ne, kuma ranka ya kwanta da na Hermès ɗin, saya abinka, ka zaɓi na fata, ka ji daɗinsa. Roƙona ɗaya, kada ka kira shi jari. Fatar da ta sha gumin wani ba ta da daraja a kasuwar gwanjo, ko sunan wa ke jikinta.

Kafin ka biya, juya agogon ka duba bayansa, girmansa yana nan a rubuce da milimita. Turo min lambar in tabbatar maka wanda zai shiga, don girman 42 na yanzu ba ɗaya yake da 42 na da ba.

Ka gaishe min da uwargida da yara, Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka