Wahalar da na sha a kan murfin lagireton tsohuwar akori-kura

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka.

Don Allah ka ɗan sammin fili a jaridar nan in yi magana kan wani ɗan ƙaramin abu da na san wasu za su karanta su ce wannan bawan Allah bai da aikin yi ne, wato murfin lagireto. E, shi dai murfin nan da ake murɗewa a zuba wa mota ruwa. Ni ma da kallon da nake masa kenan, sai da ya ja min ɗinkin lagireto da wata uku ina jele tukunna na shiga taitayina.

Ina da wata tsohuwar akori-kura ƙirar Amurka ta shekarun 1950 da na gada wajen Baba, Allah ya jiƙansa, na daɗe ina lallaɓa ta kaɗan-kaɗan don burina komai nata ya koma yadda ta fito daga kamfani. Murfin da na same ta da shi robarsa ta bushe ta tsattsage, sai na nemi wani wajen mai sayar da kayan gyara, ya zura hannu a kwali ya miƙo min sabo fil yana sheƙi ya ce "Alhaji ai duk ɗaya ne, in dai ya hau shi kenan." Ya kuwa hau, na murɗa ya zauna daram. An buga 16 a bayansa amma wallahi ko kallon lambar ban yi ba.

Sati biyu ba a cika ba na fara jin wani ɗan wari mai zaƙi-zaƙi in na tsaya, na buɗe bonet na ga wani farin layi ya bi gefen tankin sama na lagireton daidai inda aka yi masa ɗinki da dalma, tiyon sama kuma ya kumbura ya yi tauri kamar icce. Na kai wa wani dattijon bakanike da ya san irin waɗannan motoci tun yana yaron gareji, bai ko taɓa injin ba, ya jira ta huce ya cire murfin ya juya shi ya dube ni ya ce "Yaro, wa ya ba ka wannan?"

A nan ya zaunar da ni ya yi min karatu. Ashe murfin nan bawul ne har guda biyu a haɗe. Akwai babban sifirin da ke danne roba a kan bakin lagireto, shi ke tsare ruwa a matse har sai matsin ya kai lambar da aka buga sannan ya ɗaga ya saki ta ɗan bututun da ke gefen wuyan. Sai kuma wani ɗan faifai ƙarami a tsakiya kamar maɓalli, shi kuma aikinsa in inji ya huce ruwa ya tsuke sai ya buɗe ya bar iska ko ruwa ya koma ciki, in ya maƙale za ka tashi da safe ka ga tiyo ya lotse kamar an tsotse shi. Amfanin matsin kuwa, ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa a daidai bakin teku, in aka matse shi da psi 4 (psi shi ne ma'aunin matsi, irin lambar da ake bugawa a murfin) sai ya kai wajen 107, psi 7 wajen 111, psi 15 kuma wajen 121, shi ya sa motocin baya-bayan nan suke da babbar lamba don injinansu sun fi aiki da zafi kuma an gina lagiretonsu ya jure hakan. Su kuwa tsofaffin na shekarun 1940 da 1950 da yawansu 4 ne ko 7, waɗanda suka girme su ma wasu babu matsi sam, murfi ne kawai. Littafin gyaran motata da muka buɗe 7 ya ce. Ni kuma na ɗora mata 16, fiye da ninki biyu, a kan lagireton tagulla mai faffaɗan tanki da ɗinkin dalma wanda ya girme ni, to ina zai iya? Allah ma ya taimaka a ɗinki ya tsaya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne akwai masu ɗauka babbar lamba ita ce mai kyau, wai tana hana mota zafi. Ba ta hanawa fa. Murfi ba ya sanyaya ruwa, jinkirta tafasarsa kawai yake yi, in lagiretonka ya toshe ko famfon ruwa ya gaji ko bel ɗin fanka ya saki to ko 20 ka sa zafin yana nan, sai dai ka ƙara wa kanka fashewar tiyo.

To na ce shi kenan na gane, na samo mai lamba 7 na ɗora, sai kuma ga wata sabuwa, motar ta dinga zubar da ruwa ta bututun gefe ko ba ta yi wani zafin kirki ba. Na koma wajen dattijon nan ina ƙorafi, ya ɗauko ɗan ma'auni ya zura a wuyan lagireton daga leɓen sama zuwa inda robar ke zama ya nuna min, inci ɗaya cif, kusan milimita 25 kenan, shi kuma murfin da na sayo na gajeren wuya ne, na kashi uku cikin huɗu na inci, wajen milimita 19. Daga sama kamar komai daidai, kunnuwansa sun kama, ya murɗu, amma a ciki robar ba ta ma danne mazauninta ba, lambar 7 ɗin ta zama ado. Ya ce da akasin haka ne, dogon murfi a gajeren wuya, sifirin zai matsu fiye da kima ya ƙi buɗewa a lambarsa, ka ga an koma gidan jiya. Wannan maganar zurfin wuya ita ce ban taɓa jin wani mai sayar da kaya ya tambaye ni ba, ko sau ɗaya.

Ga masu na Japan irin su Hilux da ta fara fitowa a 1968 da su Datsun, sai a lura sau da yawa ba psi ake bugawa ba, za ka ga 0.9 ko 1.1, wannan wani ma'aunin matsi ne daban da ake ce wa bar, 0.9 kusan psi 13 kenan, 1.1 kusan 16, wasu kuma su rubuta 88 ko 108 na ma'aunin kPa, duk kusan abu ɗaya ake nufi. Kuma akwai masu ƙaramin baki da manyan murafan Amurka ba sa ko shiga.

Akwai kuma maganar gorar ruwa. Irin tawa ba ta da gorar robar nan ta gefe, bututu ne kawai ya sauka ƙasa, don haka ba a cika mata ruwa har baki, sai ka bar kamar inci ɗaya don ruwa in ya yi zafi yana ƙaruwa, in ka cika za ta zubar da rarar ka ɗauka yoyo take. Masu gora kuwa murfinsu yana da roba ta biyu a can sama ƙarƙashin ƙarfen, ita ke sa in inji ya huce ya zuƙo ruwan daga gora maimakon iska. Wanda ya ƙara wa tsohuwar motarsa gora bai canza murfi ba, ruwa zai dinga tafiya gorar ba ya dawowa.

Yanzu sai batun orijinal, wanda shi ne ainihin ciwon da ke damun irinmu masu son tsoffin kaya. Muna so in an buɗe bonet a ga murfi irin na zamanin, da rubutunsa da siffar kunnuwansa, ba mai jan hannu na zamani ba. A nan ma sai mutum ya san ɗan tarihi in ba haka ba a yi masa sakiyar da ba ruwa. Chevrolet da sauran motocin General Motors an san su da tambarin AC, Dodge kuma da tambarin Mopar, ita kuwa Ford sai a 1961 ta sayi sunan Autolite, tambarinta na Motorcraft kuma sai 1972 ya fito, to in wani ya nuna maka murfi mai tambarin Motorcraft ya rantse cewa da shi akori-kurar Ford F-100 ta 1953 ta fito daga kamfani, ka san ko dai bai sani ba ko yana so ya ci kuɗinka. Zai iya yin aiki in lambarsa da zurfinsa sun dace, amma ba shi ne na haihuwarta ba.

Ni dai bayan na sha bincike a intanet na yi ta aika hotuna da awo, na samu ɗaya tsohon ajiya da ba a taɓa ɗora shi a mota ba, yana cikin kwalinsa da ya koɗe, ranar da ya iso kamar an ba ni kyautar doki. Muka sa shi a ɗan famfon gwajin nan mai agogo, dattijo ya fara bugawa, allura ta hau 3 ta tsaya ta fara komowa a hankali, muna jin iska na fita siii. Ƙarfen lafiya lau, sifirin lafiya, robar ce ta ƙandare don ta yi shekara sama da sittin a ajiye. Da ban gwada ba da na ɗora ina ta alfahari da shi mota na zubar da ruwa ina zargin lagireto. Yanzu sabon ƙira nake amfani da shi, mai lamba 7 da dogon wuya, an gwada ya riƙe, shi kuma orijinal ɗin yana cikin akwatin dashbod a naɗe a tsumma, in masu kallo suka taru in ciro in nuna musu.

Kirana ga 'yan'uwa masu sayar da kayan gyara, don Allah in mutum ya zo neman murfi ku tambaye shi wace mota, wace shekara, da gora ko babu, in da hali ya zo da tsohon a jera su a gani. Ku kuma direbobi kar a buɗe murfi inji na da zafi, ruwan da ke matse a digiri 110 da wani abu kana sakinsa zai tafasa nan take ya yo sama fuskarka, a jira ya huce, a sa tsumma mai kauri, a murɗa zuwa tsayawar farko a bari iskar ta gama fita tukunna.

Malam Edita, in akwai wani cikin masu karatu da ya taɓa canza robar irin wannan tsohon murfi ba tare da ya fasa ƙusar tsakiyar da ta riƙe ta ba, don Allah ya rubuto ta wannan shafi ya faɗa mana yadda ya yi da irin robar da ya sa, don har yanzu raina na kan orijinal ɗin nan. Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu, mai tsohuwar akori-kura