A daina raɗa wa manhaja suna Auta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi ƙorafi kan ƙannena masu rubuta manhaja.

A watan jiya wani mai kemis a unguwarmu ya kira ni hankali a tashe. Manhajar da ke lissafa masa magunguna ta rikice bayan an sabunta ta, yaron da ya rubuta ta kuwa ya tafi bautar ƙasa. Na buɗe ma'ajiyarsa ta Git, inda masu rubuta manhaja ke adana tarihin aikinsu, don in mayar da manhajar yadda take a da, sai na tarar da sunayen da ya liƙa wa kowace fitowa: "final", "final2", "final_gyara", sai kuma "na_karshe_wallahi". Wanne ya girmi wanne? Tun la'asar har isha ina bin kwanan wata ɗaya bayan ɗaya. Kamar mutum ne ya raɗa wa ɗansa Auta, shekara ta zagayo mai ɗakinsa ta sake sauka, ya ce wannan ma Auta ne.

Alhali an daɗe da share wannan hanya. Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, dandalin ajiye manhajoji a intanet, ya rubuta ƙa'idar da ake kira SemVer, mai lambobi uku. A ce kana kan 1.4.2. In kuskure ka gyara, ta zama 1.4.3. In sabon abu ka ƙara ba tare da ka taɓa na da ba, 1.5.0. In kuwa ka yi sauyin da zai karya aikin masu dogaro da kai, dole ka ce 2.0.0. Lambar farkon nan gargaɗi ce ga na bayanka, ya duba kafin ya taka. Wanda ya sha wuyar ƙaura zuwa Python 3, sabuwar fitowar harshen rubuta manhaja na Python, wadda ta fito a 2008 amma ba a sallami Python 2 ba sai Janairun 2020, ya san nauyinta.

Ban ce ita kaɗai ce hanya ba. Ubuntu, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da ranar haihuwa take suna, irin namu na Ɗanjuma da Talatu: 24.04 na nufin Afrilun 2024. Linus Torvalds kuwa, wanda ya ƙirƙiro Linux, manhajar da aka gina Ubuntu a kanta, daga 4.20 ya tsallaka 5.0 a 2019 don kawai lambobin sun yi masa yawa, amma shi mai gida ne, duniya ta saba da halinsa. Harafin "v" a gaban lamba ma zaɓi ne, sai dai in da harshen Go kake aiki, can wajibi ne. Ka ɗauki ɗaya ka zauna a kai.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, "final2" ɗin da ke kwamfutar kemis ba ita ce "final2" ɗin ma'ajiya ba. Yaron ya cire sunan ya maƙala wa wani aikin daban. Sunan da ka riga ka tura wa mutane ba a sake masa mazauni, sabo ake yankawa.

Ina roƙon malaman sashen kwamfuta a jami'o'inmu da kwalejojin kimiyya su riƙa buɗe ma'ajiyar ɗalibi lokacin duba aikin kammala karatu, su ware wa wannan maki ko da biyar ne.

Naka,
Mai rubuta manhaja, Zariya