Aikin dogon hutu a Kakuri

Edita, don Allah a ba ni fili. Ina sakandare na taɓa yin aikin dogon hutu a wani kamfanin lemo a Kaduna, aikina in zauna gaban fitila kwalabe na wucewa, wadda ta tsage ko na ga datti a ciki in cire, kafin a tashi wallahi idona har ruwa yake. Da kuɗin na sayi takalmin makaranta, na miƙa wa Inna sauran, ta daɗe tana sa min albarka. Lokacin in jiniya ta yi a Kakuri ma'aikatan masaƙu cika titi suke. Yanzu ɗana ya gama jarrabawa, duk mun zaga, ba inda ake ɗaukar yara aikin hutu. Gwamnati ta dubi masana'antun nan mana.

Naku,
Wani mai karatu daga Kaduna