A je wa sababbin masu zaɓe inda suke

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ƙanena ya cika shekara 18, ya yi rajista, amma har yau katinsa yana hannun hukumar zaɓe ta INEC, wai bai san inda ake karɓa ba. Irinsa na da yawa a Anguwar Rogo. Abin yana damuna, domin a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba.

Sanarwa da Turanci ba ta shiga kunnen yaran nan. A same su a teburin mai shayi da gidan kallon ƙwallo, sa'o'insu su nuna musu da Hausa yadda BVAS, na'urar da ake amfani da ita a rumfar zaɓe, ke tantance yatsa ko fuska. Limamai kuma su riƙa faɗin wurin karɓar kati bayan sallar Juma'a.

Mai karatu daga Jos