Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Uba Sani: Ina Rahoton Masallacin Zariya?

Mai Girma Gwamna, assalamu alaikum. Allah ya taya riƙo.

Ranar Juma'a, 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufto kan masallata. An yi asarar rayuka, wasu da dama sun jikkata. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba ka yi ƙasa a gwiwa ba, ka ba da umarnin a binciki musabbabin abin nan take. To, ranka ya daɗe, ina rahoton? A fito da shi fili kowa ya karanta, a kuma fassara shi da Hausa, domin iyalan mamatan su ne farkon masu haƙƙin sanin abin da ya kashe musu mutane.

Mai Martaba Sarkin Zazzau da kansa ya ce an ga tsagewa a jikin ginin tun ana gobe abin zai faru, ana shirin kiran masana ke nan ƙaddara ta riga fata. Mun yarda da ƙaddara. Amma duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san soro ba ya faɗuwa sai ya yi gargaɗi. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a sama, ƙasa ta fara zubowa kaɗan kaɗan, gara ta shiga azara tana ci daga ciki. Magini ya ɗan ƙwanƙwasa, ya ji ƙarar, ya gaya maka wannan bakan ya gaji. Wa aka ɗora wa alhakin wannan duba a masallacin da ya haura shekara 180? Yaushe rabon da a yi? Da kuɗin wa? Amsoshin da muke jira ke nan.

Ka fi ni sanin darajar wurin. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, Babban Gwani Malam Mika'ilu ya ɗaga shi da tubali da azarar giginya, babu ƙarfe, babu siminti. Ya jera azara hawa hawa, kowace tana ɗan zarce 'yar'uwarta, har bakuna suka haɗu a sama suka ɗauki nauyin tulluwa, sannan ya yi wa ginshiƙai zane mai zurfi wanda masu nazarin gini suka riƙa tsallako teku don su gani. Darajarsa ta sa aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A shekarun 1970 kuma aka lulluɓe ainihin ginin da sabon gini na zamani, aka ɗauka an gama tsare shi. Idan haka za mu ci gaba, nan gaba ɗan Zazzau sai ya biya kuɗin mota zuwa Filato kafin ya ga aikin kakansa. Ai kuwa mun ci gaba!

Damuwata ita ce duk lokacin da aka yi maganar gyaran irin waɗannan wurare, hankali sai ya koma kan ɗan kwangila, tayil, fenti da hasumiya mai ƙyalli. Ba a cewa komai game da magina. Ginin ƙasa kuwa yaɓe yake so, da makuba, da hannun wanda ya san shi, kowace shekara kafin ruwa ya sauka. A Jenne ta ƙasar Mali, gari guda ake fitowa duk shekara a yaɓe babban masallacinsu, shi ya sa yake tsaye tun 1907. Mu nan dattawan da suka iya ɗaurin baka suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma aikin bulo saboda nan abinci yake, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

Ba masallaci kaɗai nake yi wa kuka ba. A Wusasa akwai cocin St. Bartholomew, wanda aka gina a 1929 da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausa. Damina ba ta tambayar wa ke ibada a ciki. Akwai kuma tsohon masallacin Maigana, ga ganuwar Zazzau da ake ta yanka ana cin fili.

Don girman Allah, ranka ya daɗe, abin ba ya buƙatar biliyoyi. Ga sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello a nan Samaru. A haɗa malamansa da Sarkin Magina da jami'an hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, su zagaya tsofaffin masallatai da coci-coci na jihar nan, su rubuta halin da kowanne yake ciki. Wanda ke da haɗari a rufe sashen har a gyara, ko da masu wurin za su yi ƙorafi. A ware kuɗin yaɓe a kasafin kowace shekara, a biya dattawan magina albashi su ɗauki yara koyo.

Amma a fara da rahoton nan. Muna so mu gan shi kafin damina mai zuwa.

Wassalam,
Wani ɗan Zazzau